Lacca a waya ko karatu a gefen gado: wanne ya dace da mai neman likitanci da famasi a Kano?

Wani dare bayan sallar isha'i ƙanin mahaifiyata ya aiko yaro ya kira ni. Na same shi a zaure, ya baje takardu biyu a kan darduma. 'Yarsa tana cikin ɗaliban da aka kwaso daga Sudan bayan yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023, tana aji uku a karatun likita. Takarda ta farko daga makarantarsu ce, suna cewa za a ci gaba da darasi ta intanet har ƙura ta lafa. Ta biyun ta neman gurbi ce a wata jami'a ta nan gida, inda aka riga aka gaya masa sai dai yarinya ta koma baya da aji guda, in ma an ɗauke ta. Ga kuma ƙaninta da ya gama sakandare ya ƙwallafa rai a kan famasi, ya ci karo da talla a Facebook na wata makarantar waje mai cewa kana zaune a ɗakinka za ka gama digirin.

"Kai ne a cikin harkar," in ji Kawu. "Wanne ne ba asara?"

Na ce, "Kawu, a ba ni zuwa jibi." Amsar tana bakina tun a lokacin, amma na san kuɗi za ta ci masa, kuma dattijon da ya sayar da fili ya tura 'ya karatu ba a yanke masa magana a tsaitsaye.

Ni mai harhaɗa magunguna ne a wani asibiti a cikin birnin nan, kuma duk shekara ɗalibai suna biyowa ta hannuna. Na ga waɗanda suka yi karatunsu gaba da gaba, na ga 'yan zamanin korona. Abin da na kai wa Kawu bayan kwana biyun shi ne wannan, da ɗan ƙari.

Kafin a zo kan wanne ya fi daɗi ko ya fi araha, akwai ƙofar da dole kowa ya bi. A Najeriya lasisi ne yake ba mutum izinin taɓa majinyaci, digiri kaɗai ba ya yi. Na likita yana hannun hukumar MDCN, na mai harhaɗa magunguna yana hannun PCN. A watan Yunin 2022, 'yan watanni bayan Rasha ta afka wa Yukren, MDCN ta fito fili ta ce ba ta amince da karatun likitancin da aka yi ta intanet ba, ko a wace ƙasa aka yi shi. A lokacin ɗaliban da suka gudo daga Yukren, da waɗanda korona ta hana komawa Sin, suna ta ci gaba da karatu daga gida ta waya. Dama can wanda ya karanto a waje sai ya zauna jarrabawar tantancewa ta hukumar kafin ya samu shiga shekara guda ta horo a asibiti. A ɓangarenmu ma haka abin yake: ka fito daga tsangayar da PCN ta sani, ka yi shekara guda a ƙarƙashin wanda ya riga ka, ka ci jarrabawar shiga rajista. In daga waje ka zo, akwai shirin da za ka bi tukuna. Hukumomi sukan sabunta ƙa'idojinsu, don haka duk uban da zai biya dala ya fara tura musu sunan makarantar, ya karɓi amsa a rubuce ya adana.

Maganar ƙanin tun daga nan ta mutu. Digirin famasin da za a yi a kan katifa, takardar rataye wa a bango ce.

Sai dai zaɓin da ya fi yawa a garin nan ba na masu neman digirin waje ba ne. Ɗalibin Jami'ar Bayero da ke karatu a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a titin Zariya, kullum safiya yana yin wannan lissafin: ya fita, ko ya zauna ya buɗe YouTube? Malamai ma suna yinsa, iyaye masu biyan kuɗin darasin ƙari ta intanet ma haka.

Mu a Kano mun daɗe da sanin bambancin. Tun zamanin kaset mutane suke sauraron tafsiri a mota da shago, suna ƙaruwa ƙwarai. Amma ba wanda ya taɓa cewa a wurin kaset ya sauke littafi. Mai son a ce ya ɗauki karatu sai ya je zaure ya durƙusa, ya ja baƙi, malam ya ji inda harshensa ya karkace ya gyara masa. Karatun lafiya ma kashi biyu ne. Akwai mai shiga ta kunne da ido, akwai wanda sai ta hannu, wani lokacin ma ta hanci.

Na kunne shi ne mafi yawan abin da ake yi a aji biyu da uku: yadda ƙoda take tace jini, yadda hanta take sarrafa magani, sunayen jijiyoyin da suke fitowa daga wuya su ratsa hammata su sauka hannu, hanyoyin da suga yake bi kafin ya zama ƙarfin jiki. A nan, in za a faɗi gaskiya, intanet ta fi ajinmu. Malami a aji sau ɗaya zai faɗa ya wuce. Ɗalibin layin baya, a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, fanka ta tsaya, rabin bayanin bai kai kunnensa ba. A waya kuwa zai tsayar, ya mayar baya, ya sake ji sau biyar, ya ga zuciya tana bugawa ana nuna masa inda jini yake shiga da inda yake fita, abin da alli da allo ba za su iya ba. Akwai yarinyar da za ta shekara ba ta ɗaga hannu a aji ba saboda kunya, amma a zauren WhatsApp na ajin tambayarta ta fi ta kowa kaifi. Akwai matar aure mai goyo. Akwai mai tasowa daga Rijiyar Zaki ko Kurna ko Hotoro, ya hau adaidaita sahu biyu, ya iso a ce masa an kawo haɗari malam ya shiga tiyata, lacca sai gobe. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, irin wannan zuwan banza ba ƙaramin rami yake yi wa aljihun ɗalibi ba.

Ga kuma yajin aiki. A 2020 korona da yajin aikin ASUU sun haɗu sun cinye kusan shekarar gaba ɗaya. A 2022 an rufe daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata 8 cur. Waɗanda suka dawo da sauran karatu a kansu su ne waɗanda suka mayar da waya makaranta.

Amma mai cewa karatun intanet kyauta ne bai taɓa sayen data da kuɗin abincin ranarsa ba. Awa guda ta lacca kai tsaye da bidiyo tana iya lashe fiye da rabin giga, kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. A lissafa lacca uku ko huɗu a rana. Sai wuta, sai kai waya wurin mai caji, sai sabis da zai ɗauke daidai inda malam ya zo kan abin da zai fito a jarrabawa. Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40, kafin kowa ya sake shiga an yi asarar wasu mintunan. A gidan yawa a cikin gari babu ɗakin da ɗalibi zai rufe ya kaɗaita. 'Ya mace abin ya fi shafa: muddin ana ganinta a gida ba a ɗauka tana aji ba, za a aike ta, za a ce ta duba tukunya, za a miƙa mata jariri. Shi kuma malami da baƙaƙen akwatuna a fuskar waya yake magana, bai san wa yake saurare ba, wa ya ajiye wayar ya tafi cefane. Jarrabawa ta intanet kuwa, kada ma a fara. Aji ne gaba ɗaya yake rubuta takarda ɗaya.

A ganina kuskuren da aka yi lokacin korona shi ne ɗauko aji sukutum a zuba cikin waya. Abin da ya dace da halinmu shi ne malami ya naɗi murya ta minti 20, ya haɗa da takardun darasin, ya tura ta Telegram ko WhatsApp. Ɗalibi ya sauke lokacin da sabis ya yi kyau, ya saurara lokacin da gida ya yi tsit. In an haɗu a aji sai a yi tambaya da muhawara kawai.

Kashi na biyu shi ne inda waya ta gaza, kuma gazawar ba ta rashin sabis ba ce.

Za ka iya kallon bidiyo goma na yadda ake lalubo saifa, ka haddace inda ake fara ɗora hannu da yadda ake ce wa majinyaci ya ja numfashi. Ranar da aka kwantar maka da yaron da maleriya ta daɗe tana ci, yatsunka ba za su san me suke nema ba, har sai wani ya kama hannunka ya danna, ya ce, "Ka ji ta? Ga ta nan tana taɓo ka." Daga ranar ba za ka sake mantawa ba. Haka neman jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, haka warin numfashin mai ciwon sugan da ya rikice, haka ranar farko da aka yaye wa ɗalibi mayafin gawa a ɗakin anatomi ƙafafunsa suka yi sanyi. Sannan yawancin hotunan littattafai da bidiyoyin nan farar fata suke nunawa. Ƙurajen ƙyanda a jikin ɗan Bature ja ne jawur, a jikin ɗanmu sai ka kusanto, ka shafa. Ƙarancin jini a wurinmu a cikin ido da harshe da tafin hannu ake nemansa. Lokacin da mashaƙo ya yi ɓarna a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023, cutar da da yawa suka ɗauka ta zama tarihi a littafi, waɗanda suke asibiti sun ga fatar nan mai ruwan toka a maƙogwaro da kumburin wuya da idonsu. Wanda ya gani sau ɗaya, ko cikin dare aka kawo masa zai gane.

Abin da ya fi wannan duka, kuma ba a cika faɗarsa ba, shi ne harshe. Littafi da bidiyo da Turanci suke, majinyacin Kano kuwa da Hausa yake ciwo. Dattijo zai shigo da ƙyar, a riƙe, ka ce, "Baba, ya jiki?" ya ce, "Da sauƙi." In ka rubuta da sauƙin nan ka cuce shi, gaisuwa ce ya amsa maka. Mace ta ce tana da sanyi: mura take nufi, ko ciwon gaɓoɓi, ko abin da kunya ta hana ta kira sunansa a gaban mijinta? Namiji ya ce basir: jini yake gani, ko bayan gida ne ba ya fita, ko kuwa matsalar iyali ce ya lulluɓe da wannan kalmar? "Zuciyata tana tashi" ba ciwon zuciya ba ne. Ciwon shawara a bakin mutane ya fi na littafi faɗi nesa ba kusa ba. Ka tambayi uwa haihuwa nawa ta yi, ta lissafa maka rayayyu, sai ka san yadda za ka tambayi ɓari da waɗanda suka koma ba tare da ka fama mata ciwo ba. Wata ko sunan ɗan farinta ba za ta faɗa ba. Yaro yana jijjiga, kaka ta ce iska ce, an riga an yi hayaƙi an ɗura masa jiƙo. In ka yi mata tsawa ba za ta gaya maka me aka ba shi ba, kuma shi ne abin da kake buƙatar sani. Duk wannan a tsaye ake koyonsa, a bayan babban likita ko tsohuwar nas da ta san yadda ake zagayo magana. Ba shi cikin manhaja, balle wani ya naɗe shi ya ɗora a intanet.

Famasi ya ɗan bambanta, kuma a nan zan yi adalci ko da ya taɓa sana'ata. Kasonmu da zai iya tafiya ta waya ya fi na likitoci yawa. Yadda magani yake aiki a jiki, waɗanda ba sa haɗuwa da juna, lissafin awo, dokokin sana'a, duk ana iya koyonsu daga nesa, wasu ma sun fi zama a kai idan ana maimaitawa da manhajar tambaya da amsa irin Anki. Amma ɗakin gwaje-gwaje ba ya shiga waya. Sai ka auna gari a sikeli hannunka yana rawa, ka niƙa a ɗan turmi, ka haɗa mai da ruwa ka ga sun rabu a gabanka saboda ka yi gaggawa, ka buga ƙwaya ta fito tana marmashewa, sannan za ka san me ya sa wani maganin kasuwa ba ya aiki. Yanzu da ake komawa tsarin digirin famasi na PharmD mai shekara 6, wanda Jami'ar Bayero take yi, ɗalibin famasi ma yana bin zagayen duba majinyata, don haka buƙatarsa ta gefen gado ƙaruwa ta yi.

Sai tagar ba da magani, inda nake ganin ɗalibai suna tuntuɓe. Ɗalibi ya ci jarrabawa da kyau, ya ce wa uwa, "Cokali ɗaya sau uku." Wane cokali? Na shayi, ko na cin shinkafa? Sai ka nuna mata layin mili 5 a murfin, ka sa ta nuna maka da kanta. Maganin maleriya na haɗin artemether da lumefantrine sha 6 ne a kwana 3, na biyu bayan awa 8 da na farko, kuma ya fi shiga jiki da abinci mai maiƙo. Mutum yana jin sauƙi a rana ta biyu zai ajiye sauran don wani karon, in ba ka iya magana ba. Garin gishiri da suga na gudawa a lita ɗaya ake narkar da shi, amma ka ce "lita" ka bar ta a duhu, ka ce fiyawota biyu ta gane nan take. Wanda bai iya karatu ba za ka ja masa layuka a jikin leda, na safe, na rana, na dare. Azumi ya zo, mai ciwon suga ya ce zai ɗauka, dole ka san yadda za ku zauna da shi da likitansa. Ga saurayin da zai zo da takardar da ba ka yarda da ita ba yana neman tiramadol, ko maganin tari mai kodin da gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi tun Mayun 2018. Yadda za ka ce a'a ba tare da rigima ba, a gefen wanda ya saba ake koyonsa.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya je asibiti ya yi karatu. Na sha ganin ɗalibai sun yi wa gado ɗaya rumfa, uku na gaba ne suke gani, na baya suna latsa waya, majinyaciya tana jan zani tana neman inda za ta sa kanta. Akwai manyan da tsawa da dizgi ne koyarwarsu, har ɗalibi ya gwammace ya yi shiru da jahilcinsa. Ana tsayuwar awa uku a tashi ba a ƙaru da komai ba. A nan ma waya tana da aiki: wanda ya kalli yadda ake duba ƙirji daren jiya, yau in aka ba shi minti 5 da majinyaci zai ci moriyarsu. Wanda ya zo da kai fanko, a neman inda zai ɗora abin sauraro mintunan za su ƙare. Ɗaliban da suka fi burge ni su ne masu dawowa da yamma ko ranar Asabar, lokacin da cunkoso ya ragu, su roƙi nas ta bar su su sa ƙarin ruwa a gabanta.

Saboda haka shawarata takan bi ajin da mutum yake. Ɗan aji ɗaya zuwa uku ya ɗora nauyin fahimta a kan waya in ya ga dama, amma kada ya yi wasa da firaktikal ko ɗaya, ya kuma tuna makarantu suna da ƙa'idar halarta kafin a bar mutum ya zauna jarrabawa. Daga aji huɗu asibiti ne makaranta, waya ta koma abin bita da dare. Wanda ya gama yana aiki, yana neman makin ƙaro ilimi don sabunta lasisi, intanet rahama ce gare shi, ba sai ya bar majinyata ya tafi Abuja ko Legas zaman otal ba.

'Yar Kawu tana bakin gaɓa ne daidai, ta kusa gama na kunne za ta shiga na hannu. Na ce masa darasin intanet ɗin ta riƙe shi kafin a samu mafita, don kada kai ya yi tsatsa, amma kada a lissafa shi a matsayin shekarar karatu. Wasu makarantun Sudan sun kwashe ɗalibansu zuwa asibitocin wasu ƙasashe. In tasu ta yi haka, wannan wata magana ce daban, a tambayi MDCN a rubuce. In ba haka ba, a bi gurbin gida da gaske, domin hukumar tana ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta ɗauka, wuri ba ya jiran mai jinkiri. Shi kuma ƙanin ya koma ya sake JAMB.

Kawu ya yi shiru har na ɗauka ransa ne ya ɓaci. Can ya ce, "Wato shekara guda ta tafi."

Na ce, "Ta tafi, Kawu."

Ya ɗauki takardar Sudan ɗin ya juya bayanta, ya zaro biro daga aljihun gaba ya miƙo min, ya ce in rubuta masa abin da shekara guda take ci a nan gida, har da kuɗin adaidaita sahu.